Firjin da Ya Kai wa Baban Sito Kafaɗa

Shekara ashirin da uku Baban Sito ya yi yana riƙe da mukullin siton, kuma a tsawon wannan lokaci ba a taɓa cewa ya aika wa wani kayan da ba shi ya saya ba. Ita ce 'yar dukiyarsa a duniya. Ba shi da gidan kansa, keken da yake hawa ma sai da lallashi yake tafiya, amma in ana hira aka zo kan maganar aiki, sai ya gyara zama ya ce, "Ni dai alhamdulillahi, ban taɓa kai fanka inda aka nemi firji ba."

Shagon na kayan lantarki ne na amfanin gida: firji, firiza, injin wanki, murhun gas, dutsen guga, injin markaɗe. A da mutane da ƙafarsu suke zuwa, su buɗe ƙofar firji su leƙa, su ƙwanƙwasa gefensa kamar masu zaɓen kankana. Da zamani ya juya, sai Maigida, wato mai shagon, ya sa aka buɗe masa shafi a intanet, ciniki ya koma ta waya. Ofis yana sama, sito yana ƙasa. Mutum ya ga abu a shafi ya danna, takarda ta sauko daga ofis, Baban Sito ya nemo kayan, shi da Direba su ɗora a mota.

Ranar da aka fara ɗaukar hotunan kaya, Maigida da kansa ya sauko da wayarsa. Daɓen siton yana da gangare a wajen ƙofa, kuma nan ne kaɗai haske yake shigowa. Firjin da aka fara tsayarwa sai ya yi ta karkacewa. Maigida ya ce wa Baban Sito, "Kai, riƙe min shi." Ya riƙe. Haka hoton ya fito: firji a tsaye, a gefensa wani bawan Allah matsakaicin tsayi da hula, fuska a ɗaure kamar wanda aka kama da laifi.

Ba a yi mako ba wata mata ta kira ta ce firjin da ya kai wa mutumin nan kafaɗa take so, ba wanda ya wuce kansa ba, don ƙofar kicin ɗinta gajeriya ce. Maigida ya yi dariya har da hawaye. Amma daga ranar abin ya zama ƙa'ida. Duk sabon kayan da ya iso, Baban Sito zai wanke fuskarsa a famfon tsakar gida, ya daidaita hula, ya tsaya a gefensa. In firiza ce mai kwanciya, ya tsaya a bayanta ya ware hannuwa. In buta ce ko dutsen guga, ya riƙe a ƙirjinsa. Shekara goma sha ɗaya yana wannan, gemunsa ya yi furfura a cikin hotunan, bai taɓa murmushi ko sau ɗaya ba, bai kuma taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba. Aiki ne kamar share daɓe.

Sai ciwon ƙafa ya zaunar da Maigida a gida, ya miƙa shagon ga autarsa. Auta ta yi karatun kasuwanci, kuma a faɗi gaskiya, ba malalaciya ba ce. Ita ke fara zuwa, ita ke rufe ofis. Baban Sito ya san ta tun tana rarrafe a cikin kwalayen siton, shi ya sa duk ma'aikata suna ce mata Manaja, shi kuwa Auta yake kiranta, ita kuma ta ce masa Baba.

Wata biyu da zamanta ta ce shafin ya tsufa. Kore da rawaya da ja duk a haɗe, tambarin kuma wata fanka ce mai baki tana dariya, wadda wani abokin Maigida ya zana a bayan kwali. Ta ce duk wanda ya buɗe zai ɗauka allon sanarwar tasha ne. Ta kawo wani mai zane, mutum mai tabarau da sanyin magana, wanda ba ya rabuwa da kwamfutarsa. Maganarsa ɗaya ce, "Ido yana son ya huta."

Aka koma shuɗi da fari. Aka yi sabon tambari, aka manna shi a motar kaya, a kan rasit, har a kan salatif ɗin liƙe kwali. Aka raba wa ma'aikata riguna masu tambari. Baban Sito ya juya tasa gaba da baya, ya ga ba ta kai ko cinya ba, sai ya ɗora ta a kan doguwar rigarsa. Direba ya ce, "Baba, ai yanzu ka zama kwali mai kwali a ciki."

Ranar sabbin hotuna aka rataya farin ƙyalle a bangon sito, aka kafa fitilu biyu masu kashe ido. Baban Sito ya je famfo ya wanke fuska, ya daidaita hula, ya zo ya tsaya a gefen firji.

Mai Zane ya leƙo daga bayan kyamara. "Baba, ɗan matsa kaɗan."

Ya matsa.

"Ƙara dai."

Ya ƙara.

"Yawwa, ƙara kaɗan, inuwarka tana taɓa ƙyallen."

Bai ankara ba sai ga shi a bakin ƙofa, rana tana dukan ƙeyarsa. Direba yana zaune a kan amalanke yana ƙyaƙyata dariya. "Shi ke nan, an sallami tauraro! Baba, ko sallama ba su bari ka yi da masoyanka ba."

"Kai dai bakinka ba ya gajiya," in ji Baban Sito. A ransa kuwa bai ji komai ba. Dama tsayuwar tana cinye masa lokaci.

Ranar da aka buɗe sabon shafi, bayan ya dawo daga magariba, ya miƙa wa matarsa waya ta gani. Ta goge hannunta a gefen zani, ta nisanta wayar daga idonta, ta yi ta jan yatsa sama. Kowane kaya yana cikin ɗan gidansa mai kusurwa huɗu, fari tas, gidajen duk girmansu ɗaya, a jere kamar ƙwai a kiret.

"Ma sha Allah, ya yi tsaf," ta ce. Can ta dakata. "Amma Malam, wannan butar da wannan firjin, girmansu ɗaya ne?"

Ya karɓi wayar. Buta ta cika gidanta. Firji ya cika nasa. Ɗan ƙaramin firjin da ake ajiyewa a gefen gado da ƙaton nan mai ƙofa biyu da sai mutum huɗu suke ɗaga shi, ga su kafaɗa da kafaɗa kamar tagwaye. Shayin da aka zuba masa sai da ya huce bai kurɓa ba.

Washegari ya hau sama ya yi sallama. Auta tana danna kwamfuta, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa.

"Auta, hotunan nan mutane ba za su gane girman kaya ba."

"An rubuta a ƙasa, Baba. Tsawo, faɗi, zurfi, duk da santimita."

"Wa ke da tef ɗin awo a gida in ba tela ba?"

Ta yi dariya, ta ɗaga masa hannu alamar tana zuwa, ta ci gaba da maganarta a waya. Ya tsaya har ƙafarsa ta gaji, sannan ya sauko.

Kwana biyar aka yi kaya suka fara dawowa. Na farko wani magidanci ne mai 'ya'ya bakwai, a hawa na uku. Baban Sito da Direba suka hau da ɗan firji, mutumin ya dube shi ya dube su ya ce, "Ina uwarsa? Wannan ai ɗan ne kuka kawo." Suka sauko da shi. Na biyu injin wanki ne da ya ƙi shiga ƙofar banɗaki, suka juya shi ta gefe, suka kwantar da shi, har fatar yatsan Direba ta saluɓe, matar gidan tana tsaye tana cewa a hoto ai ɗan mitsitsi ne. Sai murhun gas da ya fi teburin kicin faɗi. Sai injin markaɗen da wata ta saya don sana'a, ta tarar ko kofi biyu ba ya ɗauka. Kowane kaya sau biyu ake ɗaukarsa, zuwa da dawowa, kuma bayan Baban Sito ba na saurayi ba ne. Ya kai in zai yi ruku'u sai ya dafa bango.

Amma ba bayan ne ya fi ci masa rai ba. Mai Zane ya yi wa shafin wata 'yar takarda ta mayar da kaya, mai gidaje huɗu da mutum zai zaɓi ɗaya: ya zo a fashe, ba ya aiki, ya makara, ko an kawo abin da ba shi aka zaɓa ba. Wanda ya sa ran ƙaton firji ya ga ɗan mitsitsi, wanne zai danna? Na huɗun. Shi kuwa na huɗun in ya isa kwamfutar ofis, a ƙarƙashin sito yake faɗawa.

Ƙarshen wata Auta ta aiko a kira shi. Ta ba shi kujera, abin da ba ta saba ba, nan ya sha jinin jikinsa. Ta juyo masa da kwamfuta.

"Goma sha tara, Baba. A wata ɗaya. Duk an ce ba abin da aka zaɓa aka kai ba."

"Abin da ke takarda shi na ɗora. Ki duba lambobin."

"Mutum goma sha tara ba za su haɗu su yi ƙarya ba."

"Ban ce sun yi ƙarya ba. Hoton ne ya yi musu."

Ta sauke numfashi. Ta tausasa murya, kuma tausasawar ce ta fi zafi. "Baba, ba abin kunya ba ne. Shekaru sun ja, ido yana rauni, lambobin kwalayen nan ƙanana ne. Na san kuma cire ka daga hoto bai yi maka daɗi ba." Ta turo masa takarda a cikin ambulan mai sabon tambari. Gargaɗi ne. In wata mai zuwa ma haka aka gani, za ta kawo wanda zai karɓi mukulli, shi ya je ya huta.

Ya daɗe yana kallon ambulan ɗin. Wato har ana zaton kishin hoto yake yi. Ya miƙe, ya ninke takardar ya sa a aljihu ya ce, "To, ranki ya daɗe." Ta ɗago kai da sauri, don bai taɓa ce mata haka ba. Kafin ya kai ƙasan bene labarin ya riga shi sauka. Har mai gadi ya yi masa sannu, irin sannun da ake yi wa mara lafiya.

Matarsa ta ce ya je ya gaya wa Maigida. Ya ce a'a. Mutum yana kwance yana fama da ƙafa, ba zai kai masa ƙarar 'yarsa ba, ba kuma shi zai shiga tsakanin uba da 'ya ba.

"To sai ka zauna a kore ka a kan laifin da ba naka ba?"

"Ba korar ce ta dame ni ba," ya ce. "Abin da za a ce an kore ni a kansa ne."

Sai ya ɓullo da tasa dabarar. Duk takardar da ta sauko, kafin ya ɗora kaya sai ya kira mai shi da wayarsa. "Salamu alaikum. Daga sito ne. Firjin nan da kika zaɓa, ni mutum ne matsakaici, to cibiyata yake kaiwa. Shi kike so?" Wasu suka gode masa suka canza. Wasu suka kashe waya. Wani miji ya kira ofis yana zazzaga faɗa, wai wane tsoho ne yake kiran matarsa yana ba ta labarin cibiyarsa. Direba ya yi dariya har ya faɗo daga kan amalanke. Auta kuwa ba ta yi dariya ba. Ta sauko har tsakiyar bene ta ce daga yau kada wanda ya sake kiran mai saye in ba ofis ba, shago yana da murya ɗaya yanzu.

Kwana uku Baban Sito yana ɗora kayan da ya san za su dawo. Yana ɗaure igiya yana istigfari, don abin da ke zuwa bakinsa ba mai kyau ba ne.

Rana ta huɗu da hantsi takarda ta sauko: firiza, mafi ƙanƙanta a siton. Ya duba adireshin, ya gane gidan. Wata mata ce mai sana'ar ƙanƙara, shekara huɗu da suka wuce shi ya kai mata babbar firiza. Me mai ƙanƙara za ta yi da wannan 'yar akwatin? Ya zauna a kan kwali ya harɗe hannuwa.

"Baba, rana tana yi," in ji Direba.

"Ta yi. Je ka ce wa Manaja ba zan ɗora ba sai ta sauko."

Ta sauko fuska a haɗe. Ya miƙa mata takardar, ya nuna mata kwalin. "Tun da idona ya yi rauni, ranki ya daɗe, ki karanta lambar da naki idon. In ta yi daidai ki sa hannu."

Ta karanta, ta sake karantawa, ta sa hannu da ƙarfi har biro ya huda takardar. "Daidai ne. Sai a tafi."

Direba ya tafi shi kaɗai, don firizar ba ta da nauyi. Bayan la'asar mota ta dawo, firiza tana baya yadda aka ɗaure ta, a gaba kuma ga mai ƙanƙara da kanta, mace mai jiki da murya, tun kafin ta sauko ake jin ta.

"Ina manajan? A fito min da manajan! Ni za a kawo wa akwatin ajiye magani?"

Auta ta sauko da takarda a hannu. "Hajiya, yi haƙuri. Abin da kika zaɓa ne, ni da kaina na duba lambar."

"Lamba? Ni lamba na saya? Na ga firiza ta cika hoto na danna!" Sai idonta ya faɗa kan Baban Sito da ke tsaye a gefe. Ta dafe ƙirji. "La ilaha illallahu! Tsohon hoto! Ashe kana da rai? Wallahi da na buɗe na ga babu kai, na ce wa maigidana bawan Allahn nan ya rasu. Har addu'a muka yi maka!"

"Allah ya karɓa," in ji Direba, "ai ba ta ɓaci ba, a ajiye masa."

Matar ba ta kula shi ba, ta juya kan Auta. "'Yata, waccan da na saya, yana bayanta ya ware hannuwa, firizar ta wuce yatsunsa. Ina gani na san za ta ɗauki ƙanƙarata. Yanzu kun mai da komai fari fat kamar asibiti, buta da firiza duk ɗaya. Da me zan gane?"

Auta ta dubi wayarta. Saƙon mayar da kayan ya riga ya shigo, ga shi a ƙarƙashin sito, na ashirin da shida. A hankali ta ce, "To me ya sa kika danna cewa an kawo miki abin da ba shi kika zaɓa ba?"

"Wanne zan danna? Akwai gidan da kuka rubuta ni ce hoto ya ruɗa? Ba a fashe ta zo ba, ba ta makara ba. Wanda ya rage na danna."

Baban Sito ya sunkuyar da kai yana kwance igiyar firizar, don bai so ya ga fuskar Auta a wannan lokaci. Ya kai matar can ciki, ya tsaya a bayan babbar firiza ya ware hannuwa, ta ce yawwa, ita ce.

Washegari da safe Mai Zane ya zo, suka daɗe a sama da Auta, ana jin muryarsa yana cewa ai santimita tana nan a rubuce. Da suka sauko, ya gyara tabarau ya ce an sami mafita. Ba za a koma tsofaffin hotuna ba, don sun saɓa da sabon launi. Amma zai zana inuwar mutum, shuɗiya, marar fuska, a gefen kowane kaya. Yana buƙatar Baba ya tsaya a jikin farin ƙyalle a ɗauki siffarsa, a auna tsayinsa.

Baban Sito yana zaune a kan kwali bai motsa ba.

"Baba," in ji Auta.

"Ina ji, ranki ya daɗe."

"Don Allah ka daina ce min haka."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da ambulan ɗin, ya yi laushi saboda ninkewa. "Wannan fa?"

"Kawo, zan yaga ta. Mu hau sama mu yi magana."

"A sama aka ba ni, amma a ƙasa aka ji. Har mai gadi ya yi min sannu. In akwai magana, a nan za a yi ta."

Ta dubi Direba, ta dubi Mai Zane, ta dubi mai gadi da ya matso bakin ƙofa kamar mai neman tsintsiya. Baban Sito ya ga ta gyara tsayuwa kamar lokacin da take ƙarama in an ce ta ba da haƙuri.

"Baba bai aika wa kowa kayan da ba shi ne ba," ta ce. "Ko ɗaya. Kuskuren daga sama ne. Idonsa lafiya lau."

"Direba, ka ji?"

"Na ji, Baba. Mai gadi ma ya ji, ga shi can ya kasa kunne."

Sannan ya miƙa mata takardar, ta yaga gida huɗu. Ya tashi da ƙyar yana dafa gwiwa, ya je ya tsaya a jikin ƙyallen. Mai Zane ya ja tef daga ƙasa zuwa sama, ya rubuta, ya ɗauki hoto ta gaba da ta gefe.

"Yaushe inuwar za ta hau shafi?" Baban Sito ya tambaya.

"Kayan sun fi ɗari uku, Baba, kowanne sai na daidaita shi. A ba ni mako uku."

"Mako uku. Kafin nan fa?"

Auta ta buɗe baki ke nan sai wayar Direba ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce to, ya ce to, ya kashe, ya dubi Baban Sito da tausayi.

"Injin wankin jiya ne. Wai ya fi ƙarfin barandarsu, a zo a ɗauka. Hawa na huɗu."

Baban Sito ya rufe ido ya ja salati a hankali. Ya ɗauko wani tsohon ƙyalle ya ɗaure ƙugunsa tamau, ya ciri igiya daga ƙusa.

"Auta," ya ce, "sauran takardun yau kada ki sauko da ko ɗaya sai kin kira masu su. Ki ce musu tsohon yana nan da ransa, ki faɗa musu inda kayan ya kai masa. Direba, tayar da mota."